Wa Ke da Hakkin Rufewa? Nazari a Kan Rayuwar Haɗi da Tashar Saƙonni ta D-Bus a Tsarin Linux

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda masu rubuta manhajojin tsarin Linux ke tafiyar da haɗin da shiri ke ƙullawa da tashar saƙonni ta D-Bus, tun daga buɗe shi har zuwa rufe shi. An kwatanta laburare uku da ake amfani da su a harshen C, wato libdbus da GDBus da sd-bus. An bi ƙa'idojin da kowannensu ya shimfiɗa a takardunsa na jagora, sannan aka auna su da abin da ke faruwa a wajen dillalin saƙo idan haɗi ya yanke. Maƙalar ta nuna cewa abin da ake kira haɗi rai uku gare shi: ƙunshin bayanai da ke cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta, da soket ɗin da kanel ke riƙe da shi, da kuma sunan da sauran shirye-shirye suka san mai haɗin da shi. Ƙidayar masu riƙo, wadda yawancin masu rubutu ke dogaro da ita, rai na farko kaɗai take kula da shi. Saboda haka maƙalar ta kafa hujja cewa dole kowane haɗi ya kasance da mai shi guda ɗaya, wanda shi kaɗai ke da ikon sallamar saƙonni da rufewa, sauran sassan shiri kuma 'yan aro ne.

Muhimman kalmomi: D-Bus, haɗi, ƙidayar masu riƙo, sd-bus, yoyon ƙwaƙwalwa.

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa rufe marfin kwamfutar tafi-da-gidanka mai Linux ya ga ta yi barci, ko ya soka filashi ya ga ya bayyana a allo, ya ci moriyar D-Bus ko da bai taɓa jin sunanta ba. Shirye-shiryen da ke kula da intanet da Bluetooth da batir da shigar mai amfani ba sa zaune a wuri ɗaya. Kowanne yana gudana ne a keɓe, kuma ta wannan tasha suke aika wa juna buƙata da amsa.

Buɗe haɗi da tashar abu ne mai sauƙi, layi ɗaya ko biyu ya isa. Wahalar tana wajen ƙarewa. Akwai shirin da zai aika saƙo ya fita, saƙon kuma bai taɓa barin cikinsa ba. Akwai wanda zai yi ta buɗe haɗi bai rufe ba har dillali ya daina karɓar kowa daga wannan mai amfani. Akwai kuma ƙaramin laburaren da zai rufe haɗin da ya tarar, ya bar babban shirin da ya ɗauko shi ba baki ba kunne. Irin waɗannan kurakurai ba kasafai suke bayyana a gwajin farko ba. Sukan jira sai na'ura ta yi makonni tana aiki, ko sai aiki ya yi mata yawa, kafin su fito. Ɗan hakin da ka raina, in ji Hausawa, shi ke tsone maka ido.

Tambayar da wannan maƙala ta sa a gaba ita ce: a cikin shiri mai sassa da yawa, waɗanda duk suke amfani da haɗi ɗaya, wa ke yanke hukuncin lokacin da haɗin zai ƙare, kuma a kan wane tsari? Hanyar da aka bi ita ce karanta ƙa'idar D-Bus da takardun jagoran laburaren nan uku, da kwatanta hukuncin da kowanne ya yanke a kan wannan tambaya.

2.0 Tashar D-Bus a Taƙaice

An fara aikin D-Bus a shekarar 2002 a ƙarƙashin inuwar freedesktop.org, kuma Havoc Pennington na kamfanin Red Hat ne ya jagoranci farkonsa. Siga ta 1.0 ta fito a watan Nuwamba na 2006. Kafin nan KDE tana da nata tsarin mai suna DCOP, GNOME kuma tana amfani da Bonobo a kan CORBA. Daga baya dukansu suka komo kan D-Bus.

Tsarin ya yi kama da tashar mota. A tsakiya akwai dillali, wato shirin dbus-daemon, ko kuma dbus-broker wanda David Herrmann da Tom Gundersen suka fitar a 2017, Fedora kuma ta mayar da shi na dindindin tun daga sigarta ta 30 a 2019. Kowane shiri yana ƙulla haɗi da dillalin ta soket na Unix. Tasha iri biyu ce: ta tsari, wadda take guda ɗaya a na'ura kuma soket ɗinta yana /run/dbus/system_bus_socket, da ta zaman mai amfani, wadda kowane mai shiga ke da tasa.

Sabon haɗi yakan bi matakai kafin ya fara aiki. Da farko a buɗe soket, sannan a tantance mai shigowa. A Linux, dillali yakan tambayi kanel lambar mai amfani da ke ɗaya gefen soket ɗin. Bayan haka shirin ya aika buƙatar Hello, dillali ya ba shi suna na musamman mai farawa da ɗigo biyu, kamar :1.42. Wannan suna ba a sake ba wa kowa shi muddin tashar tana raye. Idan shirin hidima ne, yana iya neman sanannen suna a kai, irin su org.freedesktop.NetworkManager, domin a riƙa samunsa ba tare da sanin lambarsa ba. Saƙonnin da ke yawo iri huɗu ne: buƙata, amsa, kuskure, da shela. Wanda ke son jin wata shela sai ya ajiye ƙa'idar saurare a wajen dillali. Wanda ya aika buƙata kuwa, yawancin laburare suna jiran amsa na daƙiƙa 25 kafin su haƙura.

3.0 Rai Uku na Haɗi Guda

3.1 Ƙunshin da ke cikin ƙwaƙwalwa

Abin da mai rubutu ke gani a hannunsa shi ne ƙunshin haɗi: DBusConnection ko GDBusConnection ko sd_bus. A cikinsa akwai layin saƙonnin da ke jiran fita, da layin waɗanda suka shigo ba a karanta ba, da jerin buƙatun da ake jiran amsarsu. Duka laburaren uku suna kula da wannan ƙunshi ta hanyar ƙidayar masu riƙo, dabarar da George Collins ya wallafa a 1960. Duk sashen da ke buƙatar ƙunshin sai ya ƙara ɗaya a ƙidaya, in ya gama ya rage ɗaya, idan ta kai sifili a mayar wa tsari da ƙwaƙwalwar. Tun a 1963 Harold McBeth ya nuna raunin dabarar: idan abubuwa biyu suna riƙe da juna, ƙidayarsu ba za ta taɓa kai wa sifili ba.

3.2 Soket ɗin da ke hannun kanel

Rai na biyu shi ne soket. Shi yana da tasa ƙidayar a cikin kanel, wadda ba ruwanta da ta laburare. Soket yana iya mutuwa ƙunshi na raye, kamar lokacin da dillali ya kori shirin da ya aiko saƙo maras tsari. Yana kuma iya rayuwa bayan ƙunshin ya tafi, idan wani shiri ya gaji kwafin lambar fayil ɗin. Akwai wani abu da ke manne da wannan rai wanda ake yawan mantawa da shi. Shaidar da kanel ke bayarwa game da mai haɗi ta lokacin da aka ƙulla haɗin ce. Shirin da ya buɗe haɗi yana da ikon root, daga baya ya sauke ikon ya koma ƙaramin mai amfani, a idon dillali har yanzu root ne a kan wannan haɗi. Ke nan lokacin buɗewa ma hukunci ne na tsaro.

3.3 Sunan da aka san ka da shi

Rai na uku shi ne mafi nauyi, domin shi ne wasu ke gani. Da zarar soket ya rufe, dillali yakan kwance duk abin da ya rataya a kan haɗin: sunan musamman ya tafi har abada, sanannen suna ya koma ga na gaba a layi ko ya zama ba mai shi, ƙa'idojin saurare su goge, sannan a yi shelar NameOwnerChanged ga duk mai sauraro.

Hidimomi da yawa sun gina aikinsu a kan wannan shela. BlueZ, mai kula da Bluetooth, yana ɗaure neman na'urori da aka fara da StartDiscovery ga haɗin wanda ya nema, in haɗin ya yanke sai ya soke buƙatarsa. Avahi yakan janye tallan hidimar da wani shiri ya yi a kan hanyar sadarwa idan shirin ya bar tasha. Buƙatar Inhibit ta org.freedesktop.ScreenSaver, wadda manhajar kallon bidiyo ke amfani da ita don hana allo rufewa, tana ƙarewa da yankewar haɗin mai nema. Wannan ne ya sa wanda ya aika ta da dbus-send ba ya ganin amfaninta, tunda kayan aikin yana fita nan take. Haka kuma systemd, ga hidimar da aka ayyana da Type=dbus, yana ɗaukar ta fara aiki ne lokacin da ta karɓi sunanta, in kuma ta saki sunan sai ya ɗauka aikinta ya ƙare, ya nemi tsayar da abin da ya rage nata.

A nan ne hujjar wannan maƙala take. Ƙidayar masu riƙo tana amsa tambaya ɗaya ce tak: yaushe za a iya mayar da ƙwaƙwalwa ba tare da an cuci kowa ba? Tambayar yaushe ya kamata shiri ya bar tasha kuwa ta shafi alkawuran da ya ɗauka ga wasu, kuma ƙidaya ba ta san da su ba.

4.0 Hukuncin Laburare Uku

4.1 libdbus

Wannan shi ne laburaren asali, kuma ya raba haɗi gida biyu tun farko. Kiran dbus_bus_get yana ba da haɗin haɗaka, wanda duk sassan shiri ke samun guda ɗaya. Laburaren da kansa yana riƙe da shi, saboda haka ko kowa ya saki, haɗin yana nan. An haramta wa mai amfani rufe shi, kuma wanda ya gwada zai gamu da gargaɗi cewa kuskuren daga shirinsa yake. Kiran dbus_bus_get_private kuwa yana ba da haɗin kai, kuma ƙa'idarsa kishiyar waccan ce: dole a kira dbus_connection_close kafin saki na ƙarshe. Ke nan nau'in bayanai ɗaya ne da dokoki biyu masu karo da juna, kuma duban ƙunshin a hannu ba ya gaya wa mai karanta shiri wacce ce ta hau kansa, sai ya koma ya gano inda aka samo shi.

Akwai wani hukunci da ke ba sababbin shiga mamaki. Duka kiran biyu suna saita haɗin ta yadda idan ya yanke, shirin gaba ɗaya zai fita. Ga manhajar tebur wannan daidai ne, tunda mutuwar tashar zama tana nufin mai amfani ya tafi. Ga laburaren da aka cusa cikin babban shiri kuwa haɗari ne, sai an kashe wannan hali da dbus_connection_set_exit_on_disconnect.

4.2 GDBus

GDBus, aikin David Zeuthen, ya shiga GLib a siga ta 2.26 a shekarar 2010. Kiran g_bus_get_sync shi ma haɗin haɗaka yake bayarwa, amma laburaren ba ya riƙe shi da ƙarfi. Idan mai riƙo na ƙarshe ya saki, haɗin ya tafi, kuma kira na gaba zai haifar da sabo mai sabon suna. Shirin da ya saba ɗauka ya saki a kowane ƙaramin aiki yana iya zama baƙo sabo a tasha kowane lokaci, duk rajistar da ya yi da tsohon suna ta bi ruwa.

GDBus yana karatu da rubutu a wani zare na daban da ke aiki a bayan fage. Saboda haka dawowar kiran aika shela ba ta nufin shelar ta fita, an dai miƙa ta ga wancan zaren ne. Mai son fita da gaggawa sai ya kira g_dbus_connection_flush_sync. Shi ma haɗin haɗakar yana zuwa da halin fita idan ɗaya gefen ya rufe, ta hanyar aika wa shirin da SIGTERM.

4.3 sd-bus

Wannan na cikin systemd ne, kuma an ayyana shi a matsayin tabbatacce ga jama'a a siga ta 221 a watan Yuni na 2015. Shi ne ya fi fito da rabuwar rayukan a fili, domin ya ba kowane mataki kiransa. sd_bus_flush yana tsayawa har saƙonnin da ke layin fita su fita. sd_bus_close yana yanke soket, ya zubar da abin da ya rage a layuka, amma ya bar ƙunshin a raye, duk wanda ya nemi aika saƙo da shi daga baya ya sami kuskuren ENOTCONN maimakon faɗuwar shiri. sd_bus_unref kuwa sakin riƙo ne kawai. An haɗa ukun a kira ɗaya mai suna sd_bus_flush_close_unref, sunan da shi kansa ya jera tsarin da ya kamata a bi.

Haɗakar sd-bus ta zare ce: sd_bus_default da 'yan uwansa suna ba kowane zare nasa haɗin, sd_bus_open kuma kullum sabo yake buɗewa. Takardun jagoran sun fayyace cewa alhakin haɗin haɗaka yana kan wanda ya mallaki zaren, kuma laburaren da ba shi da tabbacin mai shirin zai kula da wannan, gara ya buɗe nasa. Saɓanin sauran biyun, sd-bus ba ya fitar da shiri idan haɗi ya yanke sai an nemi haka.

5.0 Wuraren da Ake Tuntuɓe

5.1 Saƙon da bai bar gida ba

A ɗauki ƙaramin shiri da aikinsa shi ne buɗe haɗi, yin shela ɗaya, ya fita. Lokacin da sd_bus_open ya dawo, galibi ba a gama tantancewa ba, don haka shelar takan shiga layi ne ta jira. Idan mai rubutu ya saki riƙo ya fita, ba kuskuren da zai gani, kuma ba wanda zai ji shelar. Wanda ya aika buƙata mai jiran amsa ba ya faɗawa wannan rami, domin jiran amsar yana tilasta komai ya fita. Wannan bambanci ne ke sa kuskuren ɓoyewa, sai ranar da aka sauya buƙata zuwa shela.

Sallamar saƙonni ita ma tana da nata farashi. Kira ne mai tsayawa, kuma idan ɗaya gefen ya daina karatu, shirin da ke son fita zai maƙale. Don haka aka tanadi sd_bus_close_unref ga wanda ya gwammace asarar saƙo da maƙalewa. Zaɓi tsakanin biyun hukunci ne da mai haɗin kaɗai ya san amsarsa.

5.2 Zoben riƙo da gurabe

A sd-bus, kowane saƙo da shiri ke riƙe da shi yana riƙe da haɗinsa. Takardun jagoran sun yi gargaɗi cewa saƙonnin da ke layi suna iya hana ƙunshin mutuwa bayan kowa ya saki, wato ainihin zoben da McBeth ya nuna: haɗi na riƙe da saƙo, saƙo na riƙe da haɗi. Daga baya masu systemd sun raba ƙidayar saƙo gida biyu, ta riƙo na yau da kullum da ta zaman layi, don kwance wannan ƙulli. Duk da haka rufewa a fili ita ce hanyar da ba ta dogara da siga ba.

Sai batun gurabe. Duk lokacin da aka ajiye ƙa'idar saurare, ko aka aika buƙatar da amsarta za ta zo daga baya, sd-bus yakan ba da gurbi mai wakiltar wannan rajista. Gurbi na yau da kullum yana riƙe da haɗi, kuma sakinsa yana soke rajistar. Idan aka miƙa NULL a wurinsa, sai a sami gurbi mai shawagi, wanda haɗin ne ke riƙe da shi, su mutu tare. Kowanne da inda ya dace. Matsalar tana zuwa ne idan aka ɗaura bayanan wani abu mai gajeren rai a kan gurbi mai shawagi. Abin ya mutu, amsa ta iso bayan daƙiƙa biyar, laburare ya kira aikin amsawa ya miƙa masa ƙwaƙwalwar da tuni aka mayar. A GDBus ma haka take ga wanda ya manta lambar da g_dbus_connection_signal_subscribe ya ba shi. Ƙa'idar ɗaya ce: rajista kada ta fi bayanan da take nuni gare su tsawon rai.

Kishiyar wannan ita ce yoyo. Haɗin da aka manta yana cin lambar fayil, alhali iyakar da aka saba ba shiri a Linux 1024 ce. Kafin ma a kai nan, dbus-daemon a tashar tsari yana iyakance kowane mai amfani ga haɗi 256 in ba a sauya saiti ba. Hidima ɗaya mai yoyo da ke gudana a matsayin root tana iya cinye wannan kaso, sauran hidimomin root su riƙa samun kuskuren LimitsExceeded alhali ba su da laifi.

5.3 Haihuwa da zare

Idan shiri ya kira fork, ɗan yakan gaji kwafin ƙunshin da kwafin soket. Idan uwa da ɗa suka yi rubutu a soket ɗaya, lambobin saƙonni za su yi karo, baƙaƙe su cakuɗe. sd-bus yana gane haka, ya mayar wa ɗan da kuskuren ECHILD. Amma saura wata. Muddin ɗan yana raye da kwafin soket a hannunsa, dillali ba zai ga haɗin ya yanke ba ko uwar ta mutu. Suna yana nan, buƙatu suna shiga, ba mai amsawa, masu kira suna cinye daƙiƙa 25 ɗinsu a banza. Laburaren suna yi wa soket alamar rufewa a lokacin exec, don haka haɗarin yana ga ɗan da bai yi exec ba.

Game da zare kuwa, ƙunshin sd-bus ba a taɓa shi daga zare biyu a lokaci ɗaya, kuma ƙarewar zare ba ta rufe haɗinsa na haɗaka. Shirin da ke haifar da zare ga kowane aiki, kowanne ya kira sd_bus_default_system bai saki ba, yana barin haɗi ɗaya a baya kowane zagaye.

5.4 Fita lokacin zaman banza

D-Bus tana iya tayar da hidima idan aka aiko buƙata ga sunanta. Hidimomi irin su systemd-hostnamed da systemd-timedated sukan fita bayan daƙiƙa 30 ba aiki, su jira a sake kiransu. Akwai ɗan tsakani mai haɗari a nan: buƙata tana iya kasancewa a hanya daidai lokacin da hidimar ta yanke shawarar fita. In ta rufe kai tsaye, mai kira ya sami kuskure. Tsarin da ya dace shi ne a fara sakin sanannen suna, a jira dillali ya tabbatar, a amsa duk abin da ya riga ya shigo, a sallami amsoshin, sannan a rufe. Buƙatar da ta zo bayan sakin suna za ta tayar da sabon kwafi. A nan an ga rayukan uku suna ƙarewa bi da bi, daga suna zuwa soket zuwa ƙwaƙwalwa, wato akasin jerin da aka same su.

6.0 Shin Sababbin Harsuna Sun Raba Gardama?

Ana iya cewa duk wannan ciwon harshen C ne. Akwai gaskiya a ciki. A C++, dabarar RAII da Bjarne Stroustrup ya assasa tana ɗaure saki ga ƙarewar iyakar da aka ayyana abu, kuma sdbus-c++ a kanta aka gina shi. A Rust, laburaren zbus yana ba da haɗin da ake kwafa cikin sauƙi, wanda ke ƙarewa idan kwafi na ƙarshe ya faɗi. Ko a C ɗin ma, systemd yana amfani da sifar cleanup ta GCC tare da kira masu ƙarewa da harafin p, kamar sd_bus_flush_close_unrefp, don kada a manta a hanyar kuskure.

Waɗannan sun magance mantuwa da amfani da ƙwaƙwalwar da aka mayar. Sai dai mai fassara shiri ba ya sanin cewa BlueZ yana kallon sunanka. Haɗin da ya faɗi a ƙarshen wani ƙaramin aiki, cikin tsari kuma ba yoyo, zai tafi da tallan Bluetooth ɗin da aka yi rajistarsa da shi. Ƙwaƙwalwa ta tsira, alkawari ya karye.

7.0 Shawarwari

Daga abin da ya gabata, maƙalar tana ba da waɗannan shawarwari ga masu rubuta manhajojin tsari:

i. Kowane haɗi a rubuta sunan mai shi tun a zanen shiri. Galibi shi ne sashen da ke tafiyar da zagayen jiran aukuwa. A sd-bus, haɗin da aka jona da sd_bus_attach_event ana sallamar saƙonninsa a rufe shi idan zagayen ya ƙare, sai in an hana.

ii. Laburare ya karɓi haɗi daga mai kiransa ko ya buɗe nasa. Wanda ya ara yana iya riƙewa ya saki, amma ba shi da ikon rufewa, kuma dole ya shirya wa ranar da zai tarar an rufe. Zanen aro ba ya rufe katara.

iii. Kowace rajista a ajiye gurbinta ko lambarta a cikin abin da take yi wa hidima, a soke ta kafin a rushe abin.

iv. A yanke hukunci a fili kan abin da za a yi idan dillali ya tafi. Nau'o'in Linux irin su Debian ba sa sake tayar da dbus-daemon na tsari bayan sabuntawa, sukan nemi a sake kunna na'ura, domin hidimomi da yawa ba sa iya farfaɗowa. Ga mafi yawan hidimomi, fita da barin systemd ya sake tayar da su ya fi sauƙi a kan ƙoƙarin sake gina duk rajista da sabon suna.

v. A gwada ƙarewa kamar yadda ake gwada farawa. Kayan aikin busctl yana nuna sunayen da ke tasha da mai kowanne, jakar /proc tana nuna soket nawa shiri ke riƙe da su, Valgrind da AddressSanitizer suna kama yoyo, dbus-run-session kuma yana ba da tasha ta gwaji da za a iya kashewa da gangan a ga abin da zai biyo baya.

8.0 Kammalawa

Laburaren nan uku sun bambanta a kusan kowane hukunci: wa ke riƙe da haɗin haɗaka, ko na shiri ne ko na zare, ko yankewarsa tana fitar da shiri. Abu ɗaya da suka haɗu a kai shi ne cewa wanda bai buɗe haɗi don kansa ba, kada ya rufe shi. Wannan haɗuwa ta samo asali ne daga yanayin tashar kanta, inda rufe soket ke kwance suna da rajista da alkawuran da wasu shirye-shirye suka dogara da su. Mai nazarin shiri da ke son sanin ko an tafiyar da haɗi daidai, bai kamata ya tsaya ga lissafin kamu da saki ba. Ya nemi layin da ke rufewa, ya duba ko guda ɗaya ne, sannan ya tambayi abin da ya rage a layin fita da abin da ke rataye a kan sunan a daidai wannan lokaci. In layin rufewar ya kai biyu, ko babu shi gaba ɗaya, to ya gano inda ɗakin yake yoyo tun kafin damina.